Ƙusar Yau Ta Cika

Bari in fara da abin da na fi jin kunyar faɗa muku, in ya so sauran ya zo da sauƙi. A gidanmu ba mai kirana da sunana. Anjima suke ce mini. Ƙanwata ce ta laƙaba mini shi, Abba ya ji ya yi dariya, daga nan sunan ya bi ni har shago. Kuma tsakani da Allah ba a zalunce ni ba. Shekara biyu ina ɗinki, duk wadda ta zo karɓar kayanta amsa ɗaya take samu a bakina: "Don Allah ki dawo anjima, saura kalmasa." Alhali wani lokacin ko almakashi bai taɓa yadin ba.

Kada ku ce lalaci ne, don zan ji haushi. Ƙarfe takwas ina kan keken ɗinki, ba na tashi sai idona ya daina ganin kafar allura. Matsalata biyu ce. Ta farko waya: ina tsakar ɗinki za ta yi ƙara, in ce bari in duba saƙo ɗaya, kafin in ɗago kai rabin awa ta wuce. Ta biyu ta fi muni, bakina bai iya furta a'a ba. Ko mutum ya shigo da yadi goma ya ce gobe yake so, sai in ji kaina ina cewa, "Ba komai, ajiye."

Ana nan Allah ya haɗa ni da Mai Gyara. Haka na ajiye lambarsa a wayata ranar da ya zo duba kekena, kuma har yau ban canja ba. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kullum hannun rigarsa a naɗe, yana ƙanshin sabulu da man keke. In ya ce miki ƙarfe biyar, to biyar saura minti biyu za ki ji sallamarsa. Wata biyu da gyaran keke ya fara zuwa gidanmu, Abba ya yaba da hankalinsa, ni kuwa ba sai na faɗa muku ba, na riga na faɗa.

Sau uku na shanya bawan Allahn nan a ƙofar gida. Na farko minti arba'in, ina shago ina sa wa wata zif a riga. Na biyu awa guda cur. Na uku kuwa da na iso a guje, da zare a manne a mayafina, ƙanwata ta ce ya tafi. Bai kira ba, bai turo saƙo ba. Ranar na san abin da ake ce wa faɗuwar gaba.

Washegari da safe sai ga shi a shago, da guduma da ƙusoshi shida da wani gwangwanin biskit da ba komai a ciki. Na miƙe ina harhaɗa haƙurin da zan bayar, ya ɗaga mini hannu.

"Tela, matsa in wuce."

Shi kaɗai ke ce mini Tela. Ya jera ƙusoshin a bangon da ke bayan kekena, ya ɗauki allina ya rubuta a saman kowace, daga Litinin har Asabar.

"Riga nawa kike gamawa a rana? Gaskiya nake so, ba abin da kike gaya wa mutane ba."

"Biyar."

Ya kalle ni.

"Huɗu."

Bai ɗauke ido ba.

"To, uku. In ba a dame ni ba."

"Madalla. Kowace ƙusa hangar rataye riga uku za ta ɗauka. In ta cika, ta cika. Tunda ba ki iya cewa a'a ba, ba sai kin ce ba. Nuna wa mutum bango, bango ya gaya masa."

"Gwangwanin fa? Ko biskit ɗin ma ka cinye ka kawo mini fanko?"

"Ɗakin wayarki ne. Takwas ta shiga, sha biyu daidai ta fito, ki amsa saƙonninki, ki ci abinci. Amma ki ji ni da kyau, Tela. Fitowar ma doka ce kamar shigar. Kada ki bari ta wuce sha biyu a ciki."

Na yi masa dariya a ranar, amma abin ya yi aiki har ya ba ni tsoro. Da safe in yanka ukun gaba ɗaya tun kaina yana sanyi, in ɗinka su a jere, in goge su lokaci guda kada dutsen guga ya huce. Kafin in rufe shago in ware zaren gobe in ajiye kusa da kowane yadi. Mako uku ba wadda ta ji kalmar anjima a bakina. Sai dai duk waɗanda na nuna wa bangon baƙi ne, ba wanda ya san ni tun ina rarrafe.

Ranar Talata saƙonsa ya shigo: "Yaya ta ce za ta zo ta gan ki. Alhamis, ƙarfe huɗu, a gidanku. Tela, ita ce uwata ita ce ubana. In ta ce a'a, ba ni da bakin cewa e. Kuma ta san zancen sau ukun nan, ban iya ɓoye mata komai ba."

Yayar nan tasa ita ta raine shi tun rasuwar iyayensu. Nas ce a wani babban asibiti. Ban taɓa ganinta ba ko a hoto, ya ce ba ta tsayawa a ɗauke ta. Abin da na sani kawai, a wajenta ya koyi kallon agogo.

Tun Laraba Umma ta juya gidan. An sauke labulen falo an wanke, an fito da kofunan da ba a taɓa su sai baƙo na musamman, an hana kowa zama a kujerar tsakiya. Ni ma na shimfiɗa doguwar rigata ruwan zuma a kan gado, mai ƙananan maɓallai a hannu, da farin mayafi da takalmina mara tudu, don kada a ce ina da rawar kai. Na tsara ranar tsaf. Riga uku ce a ƙusar Alhamis: ta wata amarya, ta matar mai kantin magani, da ta Malama, wata malamar makaranta da na taɓa yaudara har sau biyu, wadda ta ce ƙarfe biyu za ta zo kuma wannan ne gwajin ƙarshe. Biyu da rabi in rufe shago, uku ina gida, huɗu ina zaune a falo kamar ban taɓa makara ba a rayuwata.

Alhamis ƙarfe takwas na jefa waya a gwangwani na danne murfi. Tara da rabi na gama ta amarya na rataye. Har ina ɗan waƙa a ƙasan maƙoshi. Sai na ji sallamar da ta sa ƙafata ta tsaya a kan keke.

Gwaggo ce, yayar Abba. Abba da farin gemunsa, har yau in Gwaggo na magana ƙasa yake kallo. Ta shigo da jakarta a hammata da wata baƙar leda, ta zauna a bencin masu jira tun kafin in ce ta zauna.

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Ina kwana?"

"Lafiya. Ungo, rigar 'yar'uwarki ce, gobe za a yaye su a makaranta. Ta matse ta a ƙirji. Ɗan saki za ki yi mata, minti biyar."

Na buɗe ledar. Riga ce mai shafi daga ciki, ɗinkin wani tela. Wato da za a yi sabuwa ba a tuna da ni ba, sai da aka ɓata. Na haɗiye wannan. Na juya cikinta na duba. Telan ya yanke komai ƙarƙaf, bai bar ko faɗin ɗan yatsa da za a saki ba.

"Gwaggo, wannan ba saki ba ne. Sai an farke gefe biyu har shafin, a nemo ƙyalle a ƙara. Awa biyu ce." Na ɗaga hannu na nuna bango yadda aka koya mini. "Kin ga ƙusar yau ta cika. In kin bar ta, gobe da sassafe…"

Gwaggo ta waiga ta kalli bangon, ta dawo ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Ni za ki nuna wa ƙusa? Ni da na goya ubanki?"

"Ba haka ba ne, Gwaggo…"

"A'a, tsaya. Bari in ji ko daga gida aka koya miki."

Ta zaro wayarta ta kira Umma, ta buɗe murya yadda har mai wucewa zai ji. Ta zayyana mata cewa ta tako da ciwon gwiwarta, 'yarta ta nuna mata bango kamar wata mai neman taimako. Na ji Umma tana ba da haƙuri, tana maimaita "Yaya, yarinya ce." Sannan ta ce a miƙa mini.

"Anjima." Muryar Umma ta yi ƙasa, irin wadda ta fi tsawa ciwo. "So kike a ce ni na zuga ki? Shekara ashirin da bakwai ina kaffa-kaffa da dangin ubanki, yau da za a zo ganinki, yau za ki jawo mini magana? Yi mata. Don Allah yi mata ki rabu da ita."

"Umma, lokaci…"

"Ki yi sauri mana, ba ke ce tela ba?"

'Yan'uwa, na so in ce muku na tsaya a kan bakana. Ban tsaya ba. Na ce "To," na ɗauki reza na fara farke ɗinkin wani, hawaye na taruwa a idona, ina jin haushin Gwaggo, ina jin haushin Umma, amma na fi jin haushin kaina.

Sai da na yanko ƙyalle daga ɗamarar rigar na raba biyu, na dasa a ƙarƙashin kowace hammata yadda zanen furen zai haɗu. Zaren ƙasa ya ƙare a tsakiya, na sake naɗawa. Gwaggo kuwa tana zaune tana ba ni labarin wanda ya gaishe ta da wanda bai gaishe ta ba tun bara. Sha biyu saura minti goma na miƙa mata rigar a goge. Ta ɗaga ta juya, ta kasa samun abin kushewa.

"Kin gani? Da kin yi tun ɗazu ba musu, da tuni na kai gida." Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara jaka. "Akwai na ƙannenta guda uku ma, duk telan nan ya ɓata. Zan yi wa uwarki magana."

Idona na kan agogon bango. Rigar Malama ko hannu ban haɗa ba, ta matar mai kantin magani tana nan a yanke. A daidai lokacin gwangwanin ya fara kaɗawa a kan teburin yanka, zzz, zzz, kamar an kulle ƙudan zuma a ciki.

Ga kuskuren, kuma ni na yi shi da hankalina. Na ce a raina, in na buɗe gwangwanin nan zan tarar da saƙo ashirin, kowa da tambayarsa, rabin awa ta tafi. Awa biyun da Gwaggo ta cinye dole in fanshe ta a wani wuri. Sai na ɗauki ragowar yadi na lulluɓe gwangwanin don in daina jin sa, na fasa cin abinci, na duƙufa. Har ina yaba wa kaina, wai na fi Mai Gyara iya dokarsa.

Wajen biyu saura minti goma, ina kan kalmasar rigar Malama, wuyana ya sage, inuwa ta tare mini haske. Wata mata ce a bakin ƙofa, za ta yi shekara arba'in da ɗoriya, ba fara'a ba ɗaure fuska. Doguwar riga baƙa, mayafi ruwan toka, takalmi mai igiya irin na masu yawan tsayuwa. Ta yi sallama, na amsa ban ɗaga ƙafa daga keke ba.

"Ke ce mai shagon?"

"Ni ce, Hajiya. Bismillah."

Ta shigo tana kallon ko'ina a hankali, teburin yanka, zarurrukan da na jera, bangon ƙusoshi. Sannan ta kamo gefen mayafinta ta nuna mini. Ya yage kamar tsawon tafin hannu.

"Ƙofar mota ce ta kama shi yanzu. Ɗan ja masa layi ɗaya, minti biyar."

Wallahi da wata kalma ta faɗa, da wataƙila na karɓa. Amma minti biyar ɗin nan sai na ji kamar an taka mini gyambo. Duk abin da na kasa gaya wa Gwaggo ya taso mini.

"Hajiya, don girman Allah kada ki ce mini minti biyar. Minti biyar ne ya cinye mini awa biyu yau. Kin ga bangon can? Ƙusar yau ta cika, har ta yi amai. Ba zan taɓa mayafin nan ba."

"Ko zan biya ninki?"

"Ba maganar biya ba ce. Mai rigar nan ƙarfe biyu na ce mata, kuma ƙarfe biyu za ta karɓa. Akwai tela a kwanar gaba, ki gwada shi."

Na zaci za ta ja tsaki ta fita. Sai ta zauna a benci, ta ɗora jakarta a cinya.

"Bari in huta kaɗan. Ina kike sauri haka, kamar za ki tashi sama?"

Kun san mutum in ya gaji, bakinsa ba linzami. Ina taka keke ina magana.

"Baƙuwa zan yi ƙarfe huɗu. Yayar wanda yake nemana."

"Babbar baƙuwa ke nan."

"Ke dai bari, Hajiya. An ce mini ko numfashi da agogo take yi. Nas ce, kin san su, kowa majinyaci ne a wajensu, sai sun ba shi umarni. In na makara minti ɗaya, tawa ta ƙare."

"Haka aka ce miki?"

"Ba a faɗa ba, amma na gane."

Ta ce, "Uhm."

Biyu daidai na ɗaga dutsen guga daga kan rigar, biyu da minti ɗaya Malama ta shigo da fuskar wadda ta shirya faɗa tun daga gida. Na miƙa mata a naɗe. Ta warware, ta duba wuya, ta ja zif sama da ƙasa, ta kalle ni.

"Ikon Allah. Yau ba anjima?"

"Babu, Malama."

"To, Allah ya ɗorar. Zan turo miki ƙanwata." Ta fita tana murmushi.

Na sauke ajiyar zuciya. Saura riga ɗaya, kuma mai ita sai yamma za ta aiko. Na ce bari in gaya wa Umma ina nan tafe. Na yaye yadin da na rufe gwangwani, na buɗe. Kira goma sha ɗaya. Na buɗe saƙonnin.

Saƙon Mai Gyara na farko, goma da minti ashirin: "Tela, an canja wa Yaya lokacin aiki, ƙarfe uku za ta shiga asibiti. Ƙarfe ɗaya za ta zo maimakon huɗu. Ina can bayan gari ina haɗa injuna, ba zan iya zuwa ba. Na san sha biyu za ki gani, awa ɗaya ta ishe ki."

Sha biyu da minti biyar: "Kin gani?"

Sha biyu da rabi: "Tela?"

Na ƙanwata, ɗaya da minti uku: "Anjima ina kike?? Ta iso! Abba ma ya dawo. Umma sai zufa take yi."

Na ƙarshe, ɗaya da minti talatin da biyar, daga gare shi: "Yaya ta bar gidanku. Ta ce in kwatanta mata shago, ban iya hana ta ba. Mayafi ruwan toka, agogo a hannun dama."

Na kasa ɗago kai. Daga inda nake ina hango hannunta na dama a kan jaka, da ƙaramin agogo mai baƙar fata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ƙarasa karantawa," in ji ta. "Ina da minti goma sha biyu."

Ban san lokacin da na zame daga kujera na durƙusa ba. "Yaya, don Allah ki yi haƙuri. Wallahi ban san ke ce ba, ban ga saƙon ba, abin da na faɗa…"

"Tashi ki zauna. Na nas ɗin ba ki yi ƙarya ba, umarni nake bayarwa." Ko gezau fuskarta ba ta yi ba. "Rabin awa na yi a falonku. Mahaifiyarki ta cika mini kofi sau uku, tana ta leƙa ƙofa, har ta ba ni tausayi. Na fito da niyyar in ce wa ƙanena ya haƙura. Sai na ce bari dai in ga fuskar wadda ta shanya shi sau uku, ni sau ɗaya." Ta nuna gwangwanin da haɓa. "Ya gaya mini sha biyu kike buɗe wannan. Har rantsuwa ya yi mini a kanki. Me ya hana?"

Na so in ce wuta ce ta ɗauke, ko keke ya lalace. Amma idon matar nan ba ya karɓar ƙarya. Na gaya mata komai, Gwaggo, rigar, kiran Umma, da yadda na lulluɓe gwangwani don in fanshe lokacin.

Ta saurara har na gama, sannan ta juya ta daɗe tana kallon ƙusoshin.

"Na ga aikinki, yana da kyau. Na ga kin cika wa malamar nan alkawari. Kuma kin iya ce wa baƙuwa a'a, har da ƙari." Ta dawo da idonta kaina. "Amma ce wa wanda ba ki sani ba a'a, wannan ba wuya. Ni abin da nake tsoro daban ne. Ƙanena ba ya ɗaga murya. Tun yana yaro, in aka hana shi abu sai ya koma gefe ya yi shiru. Ina tsoron ya ƙare rayuwarsa yana jira a bayan duk wanda ya fi shi iya ɗaga murya."

Maganar ta shige ni har ƙashi, don gaskiya ce. Hawaye suka zubo a kan siket ɗina.

Ta buɗe jakarta ta fito da wani yadi a naɗe cikin farar takarda. Shuɗi ne mai duhu, da ƙananan fararen furanni, yana ƙanshin abin da ya daɗe a akwati.

"Na mahaifiyarmu ne. Ta saya ba ta samu ta ɗinka ba. Na zo da shi in ba ki a falonku, in kin kwanta mini. Yanzu ban sani ba." Ta miƙe ta ɗauki hanga da kanta, ta saɓa yadin a kai, ta tsaya gaban bango tana karanta rubutun alli. Juma'a ta cika. Asabar hanga biyu ce, saura gurbi ɗaya. Nan ta rataye shi. "Ki ɗinka shi da awonki. Asabar ƙarfe huɗu ki sa shi ki same ni a gida. In huɗu ta gota, ki naɗe shi ki ba shi ya kawo mini, ba sai mun yi magana ba."

Ta duba agogo ta nufi ƙofa. Yagaggen gefen mayafin na lilo a bayanta.

"Yaya, kawo mayafin in ja masa layi, yanzu-yanzu…"

Ta waigo. "Ƙusar yau ta cika," ta ce, ta fita.

Ina tsaye a wurin wayar ta sake ƙara a hannuna. Umma ce. Ta wanke ni tas, ta ce ba ta taɓa jin kunya irin ta yau ba, ta ce Abba ko ruwa ya ƙi sha. Na karɓa, ban ce mata ita ta ce in yi wa Gwaggo gyaran ba. Da ta gaji sai muryarta ta sauka.

"To, ya wuce. Allah ya sa matar nan ta haƙura. Af, Gwaggonki ta kira, ta ce gyaran ya yi kyau. Za ta aiko da rigunan yaran guda uku, Asabar da yamma take so. Na ce mata ba komai."

Na juya na kalli bango. Hanga uku a ƙusar Asabar, na ƙarshen yana ɗan motsi har yanzu. Riguna uku na telan nan awa shida ce, na riga na gani da idona yau. Bakina ya buɗe da kansa zai ce "To," kamar yadda ya saba tun ina yarinya. Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini.

"Umma, ƙusar Asabar ta cika."

Ina jiyo ƙarar fankar falonmu ta cikin wayar.

"Me kika ce?"

"Ba zan karɓa ba, Umma. Ko Gwaggo, ko wa. Litinin akwai wuri."

"Lallai." Numfashinta ya canja. "Ga Abbanki nan zaune. Maimaita masa abin da kika ce game da yayarsa."

Na ji wayar ta canja hannu, na ji gyaran muryar Abba, wanda tunda nake ban taɓa musa masa ko da wasa ba. Na miƙa hannu na kama gefen shuɗin yadin nan na damƙe.

"Ina jin ki, Anjima," in ji Abba.

"Abba, ba anjima," na ce. "Ta cika."